Yara Ashirin da Biyu na Zangon Rissa

Wanda ya leƙa ajin Madam Nasiratu Illa a Tawa yau, abin da zai fara yi shi ne duba agogo. Ana buga ƙarfen shiga aji takwas daidai. Kafin takwas da minti shida yara saba'in da ɗaya sun zauna, an san wanda ya zo da wanda bai zo ba, alluna suna hannu, karatu ya kankama. Babu bulala, babu tsawar da za ta tsallake taga. Ba da wannan iyawa aka haife ta ba. Kafin ta kai nan sai da ta yi ɓarnar da ta kusa raba yara ashirin da biyu da boko har abada.

A Tawa aka haife ta, ita ce ta shida cikin 'ya'ya tara. Mahaifinta Illa magini ne, irin masu gini da jan dutsen Adar, mutumin da ba ya aza dutse sai ya ja igiya ya auna. A wurinsa ta ɗauko ƙirge. Tun tana ƙarama ta san taku nawa ne daga ƙofar gidansu zuwa lakwal, wato makarantar boko, da yawan layukan da ke cikin littafin rubutu. A wurin mahaifiyarta Raƙiya kuma ta ɗauko kaifin baki, wanda har yau bai gama dakushewa ba. Ta yi shekara biyu a makarantar horon malamai, ta fito tana da shekara ashirin da uku, aka tura ta Aduwa Uku, wani ƙauye arewa da Takanamat.

Motar ranar kasuwa ta sauke ta a Takanamat, amalanken jaki ya ƙarasa da ita cikin awa biyu da rabi. Gari ne na manoma, gida ɗari da goma sha huɗu, masallaci ɗaya, rijiya ɗaya can a kwari. Lakwal aji uku ce, biyu na siminti, ɗaya rumfar kara da aka kewaye da zana. Sabon zuwa shi ke gadar rumfa. Aka ba ta ajin farko, yara tamanin da uku: sittin da ɗaya 'yan gari, ashirin da biyu daga zangon Buzaye makiyaya mai nisan kilomita uku. Yawancin na zango Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba.

Ranar farko ta zo da babban kwali. Ta rubuta dokoki ashirin da huɗu da Faransanci, da tawada kala biyu, ta rataye shi a jikin zana. Diraktan lakwal, Mushe Abdurazak, wanda ya shekara goma sha tara yana karantarwa a ƙauyuka, ya tsaya ya karanta daga sama har ƙasa, hannu a baya.

"Madam, wa za shi karanta wanga? Ni da ke?"

"Za su koya, Mushe."

"To. Allah shi sa akuya ba ta riga su ba."

Kafin sati ya zagayo akuya ta cinye daga ta goma sha tara zuwa ƙasa. Tun daga nan Mushe ya laƙaba mata Madam Ashirin-da-Huɗu, kuma ko a gaban mutane haka yake kiranta.

Aji kam bai zauna ba. Kiran suna kaɗai yana cin minti ashirin da biyar, don Alhusaini huɗu ne a ajin, kowa aka kira duka huɗun su amsa. Rabon alluna minti goma sha biyar, da kokawa. Tulun ruwa ɗaya ne, moɗa ɗaya, yaro ɗaya ya ce ƙishirwa sai talatin su tashi. Ta lissafa ta ga kusan awa guda take asara kowace safiya kafin a rubuta baƙi ɗaya. Kullum takan koma masauki murya a dishe.

Doka ɗaya ce ta kama da kyau, ta farko: takwas ta yi, an ja zanar ƙofa. Wanda ya makara ya tsaya waje har hutun ƙarfe goma. Wanda ya makara sau uku ya koma gida ya zo da ubansa. Daga Oktoba har Janairu dokar ta yi aiki, kuma 'yan zango ma su ke riga kowa zuwa. Nasiratu ta yi alfahari da wannan doka ƙwarai.

Da Fabrairu ya shiga sai abu ya sake. 'Yan zango suka fara zuwa tara da rabi, su duka, ƙafafu duk laka. Wata rana su zo da wuri, wata rana su makara. Ta riƙa sa alama a littafinta, ta riƙa tsayar da su a rana. Ba ta tambayi kowa dalili ba. Ta ce a ranta sun fara raina ta ne.

Akwai wata yarinya cikinsu, Ummul Kulsum, 'yar shekara bakwai, siririya, wadda ta fi kowa saurin kama baƙaƙe. Ranar da makararta ta cika uku, Madam ta ɗaga zana ta tsaya kanta.

"Ke ma? Barci ya yi daɗi ko? Koma gida ki taho da ubanki."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Wani ɗan gari ya ce ubanta yana can Aljeriya wajen aiki, kakanta ne ke riƙe da ita.

"To ta taho da kakan. Ki ce mishi Madam tana kira nai."

Kakan bai zo ba. Yarinyar ma ba ta dawo ba. A satin nan 'yan zango suka koma goma sha huɗu, sati na gaba tara, kafin ƙarshen wata ko ɗaya babu. Aji ya yi sauƙi, har ta ɗan ji daɗin hakan, abin da take jin kunyar faɗa har yau.

Wata Litinin a tsakiyar Maris, Mushe Abdurazak ya kira ta gindin aduwa, rajista a kan gwiwarsa. Ranar babu zolaya. Ya ce Juma'a ta sama zai kai sunaye Tawa kafin hutu, kuma duk yaron da ya yi wata guda cur bai zo ba, dole a ja wa sunansa layi da jan bik, wato jan biro, a cire shi.

"Kwana goma sha biyu ke nan, da yau a ciki," in ji ta.

"Ƙirga da kyau. Kin gani, Madam, a birni in an cire yaro, baɗi a maida shi. Nan ba haka ba ne. Sunan da jan bik ya hau ya tahi ke nan. Uba ya riga ya ba shi awaki. Shekara shidda na yi ina zarya zangon ga kahin su ba ni ɗiya ashirin da biyu."

Ya rufe rajista.

Nasiratu ta koma masauki ta buɗe littafinta. Wata guda tana tara alamun makara, amma jimla kawai take dubawa. Ranar nan ta dubi ranakun. Litinin, Laraba, Juma'a. Sati na gaba Talata da Alhamis. Rana ɗaya a makara, rana ɗaya a zo da wuri, babu kuskure ko sau ɗaya. Raini ba ya bin tsari haka. Ta kai wa Inna Kaltumi, tsohuwar da ta ba ta ɗaki, wannan lissafi.

Inna Kaltumi tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba. "Wanga shi ne abin da kika yi shekaru kina karatu ki gano? Tabki ya ƙahe, ɗiyata. Kowa ya koma rijiya. Rana guda zangon Rissa ke da sahe, rana guda zangon gabas. Ɗiyan su ke kora jakkan guga."

"Mi ya hana a gaya mini?"

"Wa kika tambaya? Kuma ke, Rissa mai zangon za ki aika wa jika ta kira miki? Mutumin da ko mai gari, in shina son magana da shi, takawa shikai? Ai ni na ɗauka kin haukace."

Ta gaya mata yadda za ta yi: ta rufe kai da kyau, ta riƙe sukari da ganyen shayi, ta bar takarda a gida, kuma kada ta fara da maganar da ta kai ta.

Ranar Asabar da hantsi ta gangara kwari. Tun daga nesa ta fara ƙirge: raƙuma talatin da bakwai, shanu wajen ɗari da ashirin, awaki da tumaki ta bari da ta wuce ɗari uku. Rijiyar gaba talatin da biyar ce. An kafa gwafa huɗu a bakinta, kowace da igiyarta da komin shan ruwanta. Babba yana bakin rijiya yana zura wasaki, babban gugan fata, yaro ya kora jakuna su ja igiya har can nesa, babba ya yi kira ɗaya, yaro ya juyo. Cikin masu korar jakunan da masu tsaron garke ta gane yaran ajinta goma sha bakwai.

Abin da ya tsayar da ita shi ne dabbobin. Rabonsu da ruwa kwana guda, ga ƙanshin ruwa a hancinsu, amma kowane garke yana tsaye a wurinsa. Awaki arba'in suna kallon komi, Ummul Kulsum tana gabansu da ɗan kara. Ta kaɗa harshe sau ɗaya, goma suka wuce suka sha, talatin suka jira. Nasiratu ta tuna tulunta ɗaya da yara talatin a kansa.

Rissa yana zaune a inuwar wata ƙaya, dogon tsoho, rawani ya rufe masa baki. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ta tambayi lafiyarsa, da iyali, da bisashe, da zafi, da waɗanda ke tafiya. Ta ajiye sukari gefe. Ya sa aka ɗora shayi. Bakinta yana ƙaiƙayi, amma ta haƙura har aka sha kofi na biyu. Shi ya buɗe maganar.

"Ke ce mai kiran tsohwahhi."

"Ni ce, Baba. Na yi wauta, na zo a gahwarta mini."

"An ce kina da doka da yawa."

"Ashirin da huɗu. Akuya ta ci shidda."

Idanunsa suka ɗan motsa saman rawani. "Akuyar ta ji tausayin ɗiya." Ya nuna rijiya da haɓa. "Bisa ɗari biyat za su sha nan yau. Kin ji wani shina karanta musu takarda? Kowa ya san gwahwa tai, kowa ya san wanda ke gaba nai. Tun suna ƙanana ake maimaita musu, kullum iri ɗaya, har ƙahwa ta riƙe. Kuma wanda ya taho baya, baya shika sha. Amma shina sha. Tunda kakana ya gina rijiyar ga ba a taɓa kora bisa da ƙishirwa don ta makara ba. Ke kin kora jikata, ta yi awa ukku tana jan ruwa, ta yi gudu tun daga kwari, ta iske ƙohwa ruhe."

Nasiratu ta ce masa saura kwana shida a ja wa yaran layi.

"Layin naku ne, ɗiyan namu ne," in ji shi. "Ki tahi ki gyara ƙohwarki. Labari shina zuwa rijiya kahin shi je ko'ina."

Lahadi gaba ɗaya ta yi ta tana aiki. Ta sauke kwalin ta ba Inna Kaltumi ta hura wuta. Ta aro tabarmi shida, ta raba aji gida shida, biyar masu mutum goma sha huɗu, ɗaya mai goma sha uku. Ba ta ware 'yan zango gefe guda kamar da ba. Ta watsa sunayensu cikin tabarmin, kowane da wurinsa kusa da ɗan gari. Kowace tabarma ta samu jagora, da jakar allunanta, da gwangwanin tumatir mai ƙwallayen aduwa daidai yawan mutanenta. Yaro ya shigo, ya ɗauki ƙwallo ɗaya ya jefa a ƙwaryar Madam, ya zauna. Abin da ya rage a gwangwani shi ne waɗanda ba su zo ba, jagora ya faɗi sunayensu. Ruwa kuma tabarma-tabarma, wadda ta fara yau gobe ita ce ƙarshe.

Ta cire zanar ƙofa ta jingine. Sai wata matsala ta taso: ɗan mutunci ba ya shiga wuri bai yi sallama ba, kuma in mutum ashirin suka shigo ɗaya bayan ɗaya suna sallama, yara sittin suna amsawa da ƙarfi, darasi ya mutu. Ta ce wanda ya makara ya yi sallamarsa a hankali, ya dafa ƙirji, ita ma ta dafa nata ta amsa a madadin kowa. Ya je wurinsa, maƙwabcinsa ya nuna masa inda ake da yatsa. Ranar nan shi ne ƙarshen shan ruwa a tabarmarsu. Hukuncin ke nan.

Abu na ƙarshe shi ya haɗa ta da Mushe. Ta ɗauke darasin karatu daga takwas da kwata ta kai shi bayan hutun ƙarfe goma, ta bar safiya ga waƙa, da bita, da ƙirge.

"Takardar lokaci daga Yamai ta hito, Madam."

"Minti nawa ta ce a yi karatu?"

"Arba'in da biyat."

"Arba'in da biyat za ni ba su, ko ɗaya ba shi ɓata. In an tambaya, ka ce Madam Ashirin-da-Huɗu ce, ka san ba ta ji."

Mushe ya shafa gemu ya ce shi dai bai ga komai ba, idonsa ya fara tsufa.

Litinin abin ya zama kasuwa. Yara biyu suka yi jifa da ƙwallaye, wata ta saka nata a baki, jagora ɗaya ya ɗauka an naɗa shi sarki ya fara dukan mutane. Ta fitar da su duka, suka sake shigowa. Sau biyar. Minti talatin da ɗaya. Talata minti goma sha tara. Ta sa ɗan gari ya yi kamar ya makara, ya shigo ya dafa ƙirji, aka yi ta dariya, aka sake har dariya ta ƙare. Kowace safiya ana aje allo ashirin da biyu a wuraren da babu kowa. 'Yan gari da ke zuwa ɗibar ruwa da yamma suka kai labari kwari.

Laraba, ranar ruwan zangon Rissa, tara da minti arba'in, Ummul Kulsum ta tsaya a bakin rumfa ita kaɗai. Ta dubi inda zana take da. Nasiratu tana tsakiyar ƙirge a allo. Ta dafa ƙirji. Yarinyar ta dube ta, ta dubi yaran, ita ma ta dafa nata. Wata 'yar gari ta matsa ta bubbuga tabarma kusa da ita. Aka ci gaba daga goma sha shida.

Alhamis ta dawo da 'yan uwanta biyu. Uku ke nan. Saura goma sha tara, saura kwana ɗaya.

Juma'a ma ranar ruwansu ce. Mushe Abdurazak ya fito da babur ya jingine, ya zauna gindin aduwa da rajista da jan bik. Ya ce ƙarfe goma sha ɗaya zai kama hanya, don yana son ya riski sallar Juma'a a Takanamat. Tara da rabi ta wuce, babu kowa, har ukun jiya. Aka fita hutun goma, aka dawo. Nasiratu ta fara darasin karatu da 'yan gari sittin da ɗaya, tana rubuta baƙi tana satar kallon hanyar kwari, har ta rubuta ɗaya sau biyu, yara suka gyara mata.

Goma da minti ashirin da biyar suka ɓullo, a layi, ƙafafu da laka, Rissa yana bayansu a kan jaki. Igiyar gwafa ɗaya ce ta tsinke, sai da aka tsamo wasaki. Suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dafa ƙirji ya jefa ƙwallo a ƙwarya, waɗanda ba su san wurinsu ba aka jawo su da hannu. Ba ta tsayar da darasi ba. Tana karantawa tana ƙirga ƙarar ƙwallaye. Goma sha tara, har da ukun jiya.

Rissa bai shiga rumfa ba. Ya sauka ya tsugunna wajen Mushe, suka gaisa doguwar gaisuwa. Da ta ba yara aikin rubutu ta fito ta durƙusa.

"Baba, saura ukku."

"Tijjani da ƙanen nai Souleyman, da Latifa. Uwayensu sun tashi sun yi arewa da bisashe kwana goma da suka wuce. Da lakwal ta riƙe ɗiyan, da an bar su wurina."

Ta dubi Mushe. Ta tambaye shi ko za a iya jira har bayan hutu. Ya girgiza kai, ya ce ba shi da ikon rubuta cewa yaro yana nan alhali yana can kwana goma gaba. Ya buɗe rajista, ya aza ƙaramin katako don layi ya miƙe, ya ja uku. Ta tsaya ta kalli kowane ɗaya, ba ta kau da kai ba.

Shekara bakwai ta yi a Aduwa Uku kafin a maido ta Tawa. Cikin goma sha taran nan, goma sha huɗu sun kai ajin ƙarshe, Ummul Kulsum ta wuce sakandare a Takanamat. Ukun kuwa, duk kaka in makiyaya sun gangaro daga arewa sai ta taka zuwa kwari ta tambaya. A kaka ta huɗu aka nuna mata Tijjani, ya yi tsawo, yana bakin gwafa yana zura wasaki. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce Souleyman da Latifa suna lafiya, ya koma kan igiyarsa.